Yadda Ake Yanka Adireshin IP da CIDR Ba Tare da Ɓarna Ba

Tambayar da masu haɗa netwok a makarantu, asibitoci da ofisoshi suka fi maimaitawa ita ce: "An ba ni 10.20.0.0/22, an ce in raba wa sassa bakwai. Ta ina zan fara?" Wasu kuma sai ɓarna ta riga ta auku suke tambaya: Wi-Fi ya cika, wayoyi sun daina samun adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, ko kyamarar tsaro tana kaiwa intanet amma ba ta ganin kwamfutar da ke ɗakin kusa da ita. Galibi tushen abin ɗaya ne, an raba adireshi da ka, ba da lissafi ba.

Za mu bi aikin daga ƙirge har zuwa gwaji da misali guda: kwaleji mai babban mazauni a Kano da reshe a Zariya. Kwalejin ta misali ce kawai, amma lissafinta za ka iya ɗauka ka yi aiki da shi yadda yake.

Kayan aiki da inda kuɗi ke shiga

Lissafin kansa ba ya cin ko kwabo. Takarda da biro sun isa, ko shafin Excel. Don tabbatar da amsa akwai `ipcalc` a Linux, da `ipaddress` da ke zuwa tare da Python 3, duka kyauta. Wanda yake son ya gwada kafin ya taɓa kayan mutane ya ɗauko Packet Tracer na Cisco ko GNS3.

Kuɗi yana shiga ne a wuri biyu. Na farko suwic mai fahimtar VLAN, wato raba suwic ɗaya zuwa ƙananan netwok daban-daban, da rauta mai iya ɗaukar yankuna da yawa. Yanki shi ne rukunin adireshi da aka ware wa sashe ɗaya. Suwic ɗin da ake jonawa kawai ya kama aiki, wanda ba shi da shafin saiti, ba zai raba maka komai ba, duk abin da aka jona masa a yanki ɗaya yake. Na biyu adireshin waje, wanda ake gani daga intanet. Shi haya ake biya, kuma farashinsa ya danganta da kamfanin da ya ba ka layi. Don ka ga darajarsa: tun 1 ga Fabrairu 2024 AWS, kamfanin hayar saba na Amazon, ke cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, wato kusan dala 3.6 a wata.

Mataki na 1: Karanta lambar bayan silash

Adireshin IPv4 bit 32 ne, wato gurabe 32 da kowanne 0 ne ko 1, an kasa shi gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 255. A salon rubutun da ake kira CIDR, lambar da ke bayan silash (/) tana faɗin bit nawa ne, daga hagu, aka ware wa sunan yankin. Ragowar na na'urori ne. A /24 ragowar 8 ce, 2^8 kuma 256 ne. A /26 ragowar 6 ce, adireshi 64 ke nan.

Daga kowane yanki ana cire biyu: adireshin farko sunan yankin ne, na ƙarshe kuma na shela ne, wanda ake aika wa kowa saƙo da shi a lokaci guda. Ba a ba na'ura ko ɗaya daga cikinsu. Sabnet mask da ke jadawalin ƙasa wata hanya ce ta rubuta lambar silash ɗin a gida huɗu.

| Silash | Sabnet mask | Jimilla | Na amfani |
|---|---|---|---|
| /22 | 255.255.252.0 | 1,024 | 1,022 |
| /23 | 255.255.254.0 | 512 | 510 |
| /24 | 255.255.255.0 | 256 | 254 |
| /25 | 255.255.255.128 | 128 | 126 |
| /26 | 255.255.255.192 | 64 | 62 |
| /27 | 255.255.255.224 | 32 | 30 |
| /28 | 255.255.255.240 | 16 | 14 |
| /29 | 255.255.255.248 | 8 | 6 |
| /30 | 255.255.255.252 | 4 | 2 |

Ka haddace wannan jadawalin. Duk sanda lambar ta ƙaru da ɗaya, yankin ya rabu gida biyu. Duk sanda ta ragu da ɗaya, ya ninka.

Gargaɗi: Ka ajiye zancen ajin A, B da C, tsohon tsarin rabon adireshi, gefe. Tun 1993 da aka kawo CIDR lambar farko ta adireshi ba ta ƙara faɗin girman yanki ba, mask ne ke faɗa. Amma tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu a cikin na'urori ba. A tsohon shafin saitin Windows, da zarar ka rubuta adireshin da ya fara da 10, zai cike maka mask da 255.0.0.0 da kansa. Idan ba ka gyara ba, ka shuka matsalar da za ka zo kana nema bayan mako guda.

Mataki na 2: Ƙirga na'urori, ba mutane ba

Ɗalibi ɗaya yana iya zuwa da waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, adireshi biyu ke nan. Ka zaga da ƙafarka ka ƙirga duk abin da ke shan kebul ko Wi-Fi: firinta, na'urar ɗaukar yatsa ta ma'aikata, POS na ofishin kuɗi, akwatin da ke naɗar hotunan kyamarori, har inbata idan tana aika rahoto ta netwok. A Wi-Fi abin da ake ƙirgawa shi ne na'urorin da ke kai a lokacin da aka fi cunkoso, ba jimillar sunayen da ke rajista ba.

Bayan ƙirge ka ƙara kashi 30 cikin 100 don gobe, sannan ka ƙara ɗaya don getwe, wato adireshin rauta da yankin zai riƙa fita ta kansa. Ga abin da kwalejinmu ta bayar:

| Sashe | Yau | Da ƙari da getwe |
|---|---|---|
| Wi-Fi na ɗalibai | 300 | 391 |
| Ɗakin kwamfuta | 90 | 118 |
| Ma'aikata | 45 | 60 |
| Kyamarori | 22 | 30 |
| Suwic da akwatunan Wi-Fi | 12 | 17 |
| Saba da firinta | 9 | 13 |
| Mahaɗar Kano da Zariya | 2 | 2 |

Kashi 30 ɗin ba doka ba ce. Inda ka san ana ginin sabon ɗakin kwana ko ana shirin ƙaro kwamfutoci, tambayi shugaban wurin adadin da ake sa rai, ka yi aiki da shi.

Mataki na 3: Ba kowane sashe girman da ya dace da shi

Ka duba layin "na amfani" a jadawalin farko, ka ɗauki mafi ƙanƙantar yankin da zai ɗauki adadinka. Na'ura 391 sun fi ƙarfin /24, sai /23. Ɗakin kwamfuta /25, ma'aikata /26, saba /28, mahaɗa /30. Wannan rabon da kowa ke samun girmansa daban shi ake kira VLSM.

Wuri biyu na buƙatar a tsaya. Suwic da akwatunan Wi-Fi 12 ne yau, za su shiga /28 mai 14, kuma da yawa a nan suke tsayawa. Amma da getwe sun zama 13, gurbi ɗaya ya rage. Ranar da aka sayo akwatin Wi-Fi biyu, sai an sake lambar kowane suwic a harabar. Ba su /27. Kyamarori kuma sun tsaya a 30 cif, bakin iyakar /27. Za mu bar su a nan, amma da sharaɗin mu ajiye musu fili mafi girma a gefe, domin kyamara ba ta raguwa a wuri, ƙaruwa take yi.

Jimilla: 512 + 128 + 64 + 32 + 32 + 16 + 4 = 788. Mafi ƙanƙantar yankin da zai ɗauki wannan shi ne /22 mai 1,024. Da a ce kowane sashe an jefa masa /24, Wi-Fi kuma biyu, da an cinye 2,048, mahaɗar da ke buƙatar adireshi 2 tana zaune a kan 254.

Mataki na 4: Zaɓi babban yankin da za ka yanka

Idan an riga an ba ka, wuce gaba. Idan kai za ka zaɓa, wurare uku ne aka ware don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Na tsakiyar ya fara daga 172.16.0.0 ya ƙare a 172.31.255.255. Abin da ya kai 172.32 na wasu ne a intanet, haka ma 192.169. Wanda ya ɗauki adireshin mutane ya sa a cikin gida, duk shafin da ke zaune a kan waɗannan adiresoshin ba zai buɗe masa ba.

Ko a cikin waɗanda aka halatta, akwai wuraren da cunkoso ya yi yawa, ka kauce musu:

- 192.168.0.0/24 da 192.168.1.0/24, inda yawancin rautocin gida suke zama, har da ta Starlink.
- 192.168.8.0/24, na yawancin MiFi da rautocin Huawei.
- 192.168.88.0/24, wanda rautar MikroTik ke zuwa da shi daga kwali.
- 172.17.0.0/16, wanda manhajar Docker ke ɗauka da kanta.
- 100.64.0.0/10, wanda ma ba ya cikin ukun can, an ware shi ne wa kamfanonin sadarwa don raba adireshin waje ɗaya tsakanin kwastomomi da yawa.

Dalilin kaucewar yana fitowa ne ranar da akanta ya ce zai yi aiki daga gida ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis ta intanet. Gidansa 192.168.1.0/24, ofis ma 192.168.1.0/24. Kwamfutarsa ta nemi sabar ofis a 192.168.1.10, ta ga adireshin na yankinta ne, sai ta neme shi a cikin falonsa, ba ta ko bi ta VPN ɗin ba. Shi ya sa muka ɗauki 10.20.0.0, wurin da ba kowa ke zuwa ba.

Mataki na 5: Yanka daga babba zuwa ƙarami

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yanki ba ya farawa a inda ka ga dama. Dole ya fara a lambar da girmansa ke rabawa ba saura. Mai adireshi 64 yana farawa a 0, 64, 128 ko 192. Mai 32 yana farawa a 0, 32, 64, 96 da sauransu. Idan yankin ya fi /24 girma, dokar tana komawa gida na uku: /23 yana farawa a 0, 2, 4, 6, /22 a 0, 4, 8, 12, /21 a 0, 8, 16.

Tela da aka ba yadi huɗu yakan fara fitar da jikin riga kafin ya waiwayi aljihu. Haka za ka yi: babba ya fara zama, ƙanana su biyo baya, kowanne ya fara daidai inda na gabansa ya ƙare. Idan aka bi wannan jerin, kowane yanki zai faɗa kan iyakarsa da kansa.

| Sashe | Yanki | Na farko | Na ƙarshe | Na shela |
|---|---|---|---|---|
| Wi-Fi | 10.20.0.0/23 | 10.20.0.1 | 10.20.1.254 | 10.20.1.255 |
| Ɗakin kwamfuta | 10.20.2.0/25 | 10.20.2.1 | 10.20.2.126 | 10.20.2.127 |
| Ma'aikata | 10.20.2.128/26 | 10.20.2.129 | 10.20.2.190 | 10.20.2.191 |
| Kyamarori | 10.20.2.192/27 | 10.20.2.193 | 10.20.2.222 | 10.20.2.223 |
| Suwic | 10.20.2.224/27 | 10.20.2.225 | 10.20.2.254 | 10.20.2.255 |
| Saba | 10.20.3.0/28 | 10.20.3.1 | 10.20.3.14 | 10.20.3.15 |
| Mahaɗa | 10.20.3.16/30 | 10.20.3.17 | 10.20.3.18 | 10.20.3.19 |

Yanzu duba ragowar, domin ita ma tsari take so. Daga 10.20.3.16 zuwa 10.20.3.31 ka ware duka don mahaɗu, zai ba ka /30 guda huɗu, an ci ɗaya saura uku. Bayan haka akwai yankuna uku da ba a taɓa ba: 10.20.3.32/27, da 10.20.3.64/26, da 10.20.3.128/25, adireshi 224 ke nan. Na tsakiyar shi ne wanda muka yi wa kyamarori alkawari. Na ƙarshen zai ɗauki ɗakin kwamfuta na biyu gaba ɗayansa. Ka rubuta su a matsayin ajiya, kada ka bari a riƙa gutsurar su. Mahaɗa guda da aka dasa a 10.20.3.200/30 ta isa ta lalata wannan /25 ɗin, ba zai ƙara baiwuwa a dunƙule ba.

Gargaɗi: Idan ka fara da ƙarami, ka sa mahaɗa a 10.20.0.0/30, Wi-Fi ba zai iya farawa a 10.20.0.4 ba, sai ya tsallaka 10.20.2.0. Ana iya cike gurbin da aka bari da ƙananan yankuna, amma a irin wannan cike-ciken ne yanki ke hawa kan yanki. Wanda ya rubuta 10.20.2.100/26 yana zaton ya samu daga 100 zuwa 163, alhali na'ura za ta karanta shi a matsayin 10.20.2.64/26, daga 64 zuwa 127, a tsakiyar ɗakin kwamfuta.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga: a cikin 10.20.0.0/23, adireshin 10.20.0.255 da 10.20.1.0 lafiyayyu ne, ana iya ba na'ura. Ba ƙarewa da 0 ko 255 ke haramta adireshi ba, zama na farko ko na ƙarshe a yankinsa ne.

Mahaɗar rauta da rauta tana iya zama /31, wanda ke ba da adireshi biyu ba tare da asarar ko ɗaya ba. Da adireshin waje ya cancanci a yi, bayan ka tabbatar na'urorin biyu suna karɓa. Da adireshin cikin gida /30 ya wadatar.

Mataki na 6: Tabbatar da lissafin

Hanya mafi sauri ta gane yankin kowane adireshi: nemo gidan mask ɗin da ba 255 ba kuma ba 0 ba, ka cire shi daga 256. Amsar ita ce tazarar yankuna. A 10.20.2.200/27 mask ya ƙare da 224, 256 − 224 = 32. Ƙirga da 32: 160, 192, 224. Lamba 200 ta faɗa tsakanin 192 da 224, saboda haka yankin 10.20.2.192 ne, na shela 10.20.2.223. A 10.20.1.77/23 gida na uku na mask 254 ne, tazara 2, lamba 1 tana tsakanin 0 da 2, yankin 10.20.0.0 ne.

Sannan ka bar kwamfuta ta duba ka:

```
import ipaddress
a = ipaddress.ip_network('10.20.2.128/26')
b = ipaddress.ip_network('10.20.2.192/27')
print(a.overlaps(b))
```

Idan ta buga `False`, ba su hau kan juna ba. Idan ka ba ta yankin da bai fara a kan iyakarsa ba, irin 10.20.2.100/26, za ta ƙi karɓa nan take, wanda shi kansa gwaji ne mai amfani.

Mataki na 7: Tsara cikin kowane yanki

Ka zaɓi doka ɗaya ka riƙe ta ko'ina. Mafi sauƙi: getwe shi ne adireshin amfani na farko. Daga nan ka bar 'yan gurabe don kafaffen adireshi, ragowar ka ba DHCP, hidimar da ke ara wa na'urori adireshi da kanta. A ɗakin kwamfuta getwe 10.20.2.1, daga 2 zuwa 9 na firinta da kwamfutar mai kula da ɗakin, DHCP daga 10 zuwa 126. Saba, kyamarori da suwic duk kafaffen adireshi za su samu, ko da hannu, ko DHCP ya ɗaure adireshin da lambar MAC ta na'urar, wato lambar da aka ƙero katin netwok ɗinta da ita.

Wa'adin aron adireshi yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A Wi-Fi na ɗalibai ka sa awa 1 zuwa 2. Idan ka bar shi kwana 8, kamar yadda Windows Server ke zuwa da shi, duk wayar da ta taɓa jonawa sau ɗaya za ta riƙe adireshi fiye da mako, gurbi 510 su ƙare alhali mutum 200 ne a harabar. Wayoyin yanzu ma, daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye lambar MAC ta gaskiya su yi amfani da ta aro, kuma idan ta canza DHCP yana ɗaukarta sabuwar na'ura ce. A ɗakin kwamfuta da ofisoshi awa 8 zuwa kwana 1 ya yi.

Gargaɗi: Kada kafaffen adireshi ya faɗa cikin kason DHCP. Firinta da aka kafa a 10.20.2.50, da aka kashe ta ranar Juma'a, DHCP zai ba wata kwamfuta lambar, ranar Litinin su biyun su yi ta katse juna.

Mataki na 8: Saka a na'ura

Kowane yanki VLAN ɗinsa daban. Kafin ka taɓa komai ka ajiye kwafin saitin da ke kai. A MikroTik ka kunna Safe Mode, a Cisco ka buga `reload in 10` kuma kada ka adana sabon saiti sai ka gwada. Idan ka rufe wa kanka ƙofa, na'urar za ta koma yadda take da kanta.

MikroTik, ɗakin kwamfuta:

```
/ip address add address=10.20.2.1/25 interface=vlan20
/ip pool add name=lab ranges=10.20.2.10-10.20.2.126
/ip dhcp-server add name=lab interface=vlan20 address-pool=lab lease-time=8h disabled=no
/ip dhcp-server network add address=10.20.2.0/25 gateway=10.20.2.1 dns-server=10.20.3.2
```

Cisco:

```
interface vlan 20
 ip address 10.20.2.1 255.255.255.128
```

Gargaɗi: A MikroTik idan ka manta da `/25`, zai ɗauki adireshin a matsayin /32, ba wanda zai iya kai wa getwe. A rautocin Cisco kuma ACL (jerin dokokin bari da hani) da OSPF (tsarin musayar hanyoyi tsakanin rautoci) juyayyen mask suke so: na /25 shi ne 0.0.0.127, na /22 kuma 0.0.3.255. Cire kowane gida na mask daga 255 ka samu. Kuma kada ka yi amfani da RIP na farko, tsohon tsarin musayar hanyoyi, a irin wannan tsarin, ba ya ɗaukar mask a cikin saƙonsa.

Raba yankuna kaɗai ba ya hana ɗalibi kaiwa ga kyamarori, domin rauta za ta haɗa su da zarar ta san su duka. Dokar fayawol, mai tace saƙonnin da ke wucewa, ce ke hanawa. Amfanin yankan shi ne dokar ta zama layi ɗaya: a hana 10.20.0.0/23 kaiwa 10.20.2.192/26. Wannan /26 ɗin ya rufe kyamarori da suwic a lokaci guda, saboda mun ajiye su kusa da juna a kan iyakar 64.

Mataki na 9: Reshe da dunƙule hanyoyi

Zariya ta samu yanki na gaba, 10.20.4.0/22, ko da yau na'ura 80 kawai take da su. A adireshin cikin gida ƙunci ba shi ne tattali ba. Yankin 10.0.0.0/8 yana da adireshi sama da miliyan 16, ba za ka ƙarar da su ba. Abin da ake tattali shi ne tsari, ta yadda kowane wuri zai zama layi ɗaya a jadawalin hanyoyi. A rautar Kano:

```
/ip route add dst-address=10.20.4.0/22 gateway=10.20.3.18
```

Ko Zariya ta yanka nata gida goma, Kano ba ruwanta, layin nan ɗaya ya isa. Idan aka zo haɗa kwalejin da wata cibiya, wuraren biyu suna dunƙulewa su zama 10.20.0.0/21. Amma ka lura, 10.20.4.0/22 da 10.20.8.0/22 ba sa dunƙulewa zuwa /21 duk da suna maƙwabtaka, domin /21 ba ya farawa a 4.

Idan hanyoyi biyu suka dace da adireshi ɗaya, rauta tana bin wadda lambar silash ɗinta ta fi girma. Hanyar /27 tana gaban ta /22, ita kuma tana gaban 0.0.0.0/0, hanyar da ake tura duk abin da ba a san hanyarsa ba.

Gargaɗi: Idan Zariya tana tura duk abin da ba ta sani ba zuwa Kano, saƙon da aka aika wa adireshin da ba a yi amfani da shi ba, misali 10.20.7.9, zai yi ta kai-komo: Kano ta ce na Zariya ne, Zariya ta ce ban san shi ba, ta mayar. Haka za su yi har TTL, adadin rautocin da saƙo zai iya ratsawa, ya ƙare, suna cin layin da kake biya. Maganin shi ne a rautar Zariya ka sa hanyar zubarwa ga yankin gaba ɗaya. A RouterOS 7 `/ip route add dst-address=10.20.4.0/22 blackhole`, a Cisco ka nuna hanyar zuwa `Null0`. Ƙananan yankunan da ke aiki ba za su taɓu ba, tunda silash ɗinsu ya fi girma.

Mataki na 10: Gwaji

Daga kwamfuta ɗaya a kowane yanki ka bi wannan jerin: `ipconfig /all` don ganin adireshi, mask da getwe; `ping`, umarnin gwada ko na'ura tana amsawa, zuwa getwe; `ping` zuwa wani yanki; `ping 8.8.8.8`, wata sabar Google a intanet, sannan buɗe shafi da suna. Inda jerin ya tsaya, nan matsalar take.

Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ba ta samu DHCP ba: ko kason ya ƙare, ko ramin suwic ɗin yana VLAN ɗin da ba nasa ba. Idan 8.8.8.8 ya amsa amma shafi bai buɗe ba, matsalar DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ba yanka ba.

Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce ta kyamarar da ke kaiwa intanet amma ba ta ganin maƙwabciya. Kyamara tana 10.20.2.200, mai sakawa ya bar mask a 255.255.255.0 maimakon 255.255.255.224. A lissafinta duk abin da ya fara da 10.20.2 ɗan yankinsu ne. Da kwamfutar shugaban tsaro a 10.20.2.140 ta kira ta, saƙon yana isa, amma amsar ba ta bi ta getwe, kyamarar tana ta cigiyar mai lambar a cikin VLAN ɗinta, ba mai amsawa. Saba a 10.20.3.2 kuwa tana samunta lafiya, domin wannan ta yarda na waje ne. Duk inda ka ga na nesa yana aiki na kusa ba ya yi, fara duba mask.

Mataki na 11: Adireshin waje

A nan ne ake ƙirga kowane ɗaya. Idan kamfani ya ba ka /29, a ce 203.0.113.40/29, adireshi 8 ne a takarda. Lamba 40 sunan yanki, 47 na shela, ɗaya kuma, galibi 41, kamfanin zai riƙe a matsayin getwe. Naka 5 ne, daga 42 zuwa 46. Kafin ka biya kuɗin /28, duba ko adireshi ɗaya zai ɗauki hidimomi da yawa ta hanyar NAT, dabarar da na'urori da yawa ke amfani da adireshin waje ɗaya. Yawanci yana ɗauka. Idan kuma adireshin da rautarka ta samu daga kamfani yana tsakanin 100.64 da 100.127, ba na waje ba ne, ba za a iya kiran sabarka daga intanet kai tsaye ba sai ka nemi a ba ka na waje.

Cibiyar da ke son mallakar nata za ta je AFRINIC, hukumar rabon adireshi ta Afirka da ke ƙasar Moris (Mauritius). Tun Janairun 2020 da ta shiga zango na biyu na ƙarewar IPv4, mafi ƙarancin abin da take bayarwa /24 ne, mafi yawa /22, kuma sai ka nuna yadda za ka yi amfani da su. Jadawali irin na mataki na 5 shi ne hujjarka. Ƙasa da /24 ba ya tafiya a BGP na duniya, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, yawancin kamfanoni suna tace shi.

Kada ka kai wannan tsimin cikin IPv6. A can kowane VLAN /64 yake samu ko na'ura biyu ce a ciki, domin hanyar da na'ura ke ba kanta adireshi ba ta aiki da wani girman. Wurin da aka ba /48 yana da irin waɗannan yankuna 65,536.

Mataki na 12: Rajista, da sauya netwok mai rai

Kowane yanki ya samu layi a rajista: adireshi da silash, mask, lambar VLAN, getwe, kason DHCP, sashen da ke amfani da shi, da ranar da aka bayar. Yankunan ajiya ma a rubuta su. Excel ya isa ga wuri ɗaya ko biyu. Idan rassa sun yi yawa ka koma NetBox ko phpIPAM.

Idan netwok ɗin yana aiki ne a kan tsohon 192.168.1.0/24, kada ka sauya komai a dare ɗaya. Kwana biyu kafin aikin ka rage wa'adin DHCP zuwa minti 10, domin kwamfutoci su saki tsohon adireshi da wuri. Ka ɗora sababbin yankuna a gefen tsohon, rauta ta riƙe duka biyun. Fara kwashe Wi-Fi, sai ɗakin kwamfuta, sai ma'aikata. Firinta, kyamarori da saba su zo ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, domin adireshinsu yana rubuce a cikin wasu na'urori: akwatin naɗar hoto ya san kowace kyamara da lambarta, kwamfutocin ofis sun san firinta da tata, manhajar kuɗin makaranta ta san saba da tata. Ka bar tsohon yankin a kunne na mako guda, kana duba jadawalin ARP na rauta, wanda ke nuna na'urorin da take gani, kullum. Ranar da ka ga babu sauran na'ura a cikinsa, cire shi daga rauta, ka mayar da wa'adin DHCP yadda ka tsara a mataki na 7.